Injin Barau

Sai da aka rushe rabin katangar Malam Maharazu kafinta kafin injin ya shiga. Ina tsaye a ƙofar gidana ina kallo. Shekarar nan kowa a Ƙanƙara yana sayen abin da ya fi ƙofarsa faɗi. Ni babur na saya, kuma har yau ban iya juya shi a zaure ba.

Injin tsaga katako ne, irin mai tebur, na biyu ke nan a rumfarsa. Tsohon yana nan lafiya lau. A kansa Malam Maharazu da ƙanensa Barau suka tsufa: babban yana tura katako, ƙaramin yana tarba ta ɗaya gefen.

"Barau, wannan naka ne," in ji Malam Maharazu, a gabanmu duka. "Na ba ka."

Barau ya dubi injin, ya dubi yayansa. "Mi na yi maka, Yaya?"

"Kai, kyauta ce."

"Sallama dai. In ka gaji da ni ka faɗi, ba sai ka je Kaduna ka sawo ba."

Daga ranar bai taɓa injin ba. Ya bar shi cikin ledarsa, kaji suna hawa.

Da damina ta faɗi Malam Maharazu ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, asibiti suka ba shi ƙwayoyi kala uku da shawarar ya huta, wanda dama shi yake yi. Na shiga duba shi na tarar da liman a bakin gado.

"Malam, kai ka yi jami'a," Malam Maharazu ya ce da ni, "je ka fahimtar da wannan mai taurin kan. Ina da 'ya'ya maza, ƙane ba ya cin gadona. Tsohon inji nasu ne, kuma saida shi za su yi, na san su."

Liman ya ƙara da cewa kyautar da ba a karɓa ba, in mai ita ya rasu, gado take komawa. Sai Barau ya sa hannu a kan abinsa, a gaban shaidu, tun yayansa yana numfashi.

Na sami Barau a rumfa yana goge tsohon injin. Na yi masa bayani dalla-dalla, da misalai, yadda nake yi wa 'yan aji biyar.

"Na sani," ya ce. "Tun ran da aka kawo shi na sani."

"To mene ne?"

"In na tada shi, Malam, na yarda ke nan tafiya za ya yi."

Ba a koya mana amsar wannan a jami'ar Zariya ba. Na zauna a kan benci.

Hajaratu, matar Malam Maharazu, ta leƙo daga bayan labule. "Barau, yayanka ya ce in ba ka tada shi ba, shi za ya rarrafo ya tada."

Barau ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Sannan ya yage ledar, ya ja igiyar injin wuta, ya ɗauko katako mafi tsawo. Liman ya fito ya tsaya. Ni aka sa tarba. Ƙarar ta kori kajin unguwa, katakon ya fito gida biyu, garinsa ya cika mini hula.

Da aka kashe, muka ji muryar Malam Maharazu daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa: "Wa ya tarba mashi? Ya karkace."

Washegari da hantsi Allah ya yi masa rasuwa.

A rumfar aka yi zaman makoki, tabarmi a tsakanin injunan biyu. Wani baƙo daga Sheme da ya zo gaisuwa ya ɗora jiƙaƙƙiyar butarsa a kan sabon teburin. Barau ya tashi daga cikin masu karɓar gaisuwa, ya sauke butar ƙasa, ya share ruwan da hannun rigarsa, ya koma ya zauna.