Direban Bas na Hawayen Kogi

Mijina Zahari yana da in'ina. Da ita na fara, domin duk wanda ya zo mini gaisuwa sai ya yabi kirkinsa, ya ce shekara da shekaru yana tuƙa bas bai taɓa take ko kaza ba, amma in'inar ba mai ambatonta, sai ka ce wani abin kunya ne da aka binne tare da shi. Ni kuwa ita na fi kewa. Sunana Neda, suna gajere, amma bai taɓa faɗinsa da bugu ɗaya ba. Sai ya ɗaga haɓa, ya runtse ido, ya ce "Ne-Neda." Mutane sukan ƙarasa masa magana don su taimake shi. Ni tun ranar da muka haɗu ban taɓa yi ba, jiransa nake yi har ya gama.

Saboda in'inar nan ya tsani a ɗauki muryarsa. Ba ya barin saƙon murya, kuma in aka ɗaga waya wurin biki sai ya rufe baki ya yi murmushi. Da ya rasu 'yarmu da ke aiki a ƙasar Sifen ta bincike wayarta kaf, ni ma na bincike tawa. Hotuna rututu, bidiyo ma akwai, amma babu inda ya ce ko uffan. Sati ɗaya da binne shi na lura muryar ta fara dusashewa a kunnena, kuma wannan ya tsorata ni fiye da gadon da ya yi mini faɗi.

Yayarsa Gergina ta tare a gidan tun ranar rasuwar, da jakarta da dokokinta. Ita ta rufe madubai, ta yafa wa talabijin farin zanen tebur, ta ɗora kyandir a kai don kada wani ya manta. A al'adar garin nan kowa ya san ba a kunna shi sai an yi arba'in, tunda har lokacin mamaci yana zagaya gidansa. Ban musa ba. Shekara talatin da aurena amma har yau "amarya" take ce mini, don daga wani gari aka kawo ni.

Ranar da ya cika kwana tara muka dawo daga maƙabarta, aka raba dafaffiyar alkama, mutane suka watse, sai aminansa biyu suka rage a tebur: Strahil, tsohon malamin lissafi, da Dobri mai aski. Su biyun da Zahari sun shafe shekaru duk Lahadi suna zaune a kicin ɗina suna gardama ɗaya tak, wai wane shiri ne ya fi kowanne muni tun da aka ƙirƙiro talabijin. Ba su taɓa gamawa ba, ba su kuma so su gama. Ranar kuwa da farko kujerarsa suka zuba wa ido, har Dobri ya sha giyar nan ta rakiya ta kai masa karo.

Ya ce, "Malam, ko a gaban mamaci zan faɗa, Surukata Ta Fi Taki shi ne ƙarshe. Tsofaffi biyu suna dafa wake suna zagin 'ya'yan juna, wai shiri."

Strahil ya ce, "Kai dai jahili ne, da almakashi kake tunani. Wancan ai ko banza an koyi dafa wake. Ka manta mutumin nan mai duba da gindin kofin gahawa? Ta waya fa. Ka kira shi, ka kwatanta masa abin da ka gani a kofinka, shi kuma ya gaya maka ranar aurenka."

"To ai ya gaya wa matata gaskiya."

"Me ya ce mata?"

"Ya ce ta auri wawa."

Na ji dariya ta taso mini, na danne ta da bakin gyale. A daidai nan Zahari yakan ajiye kofinsa ya ce, "Ha-Hawayen Kogi," ya miƙe ya tafi duba tattasansa a bayan gida, gardama ta mutu. Dukanmu mun ji wurin da ya kamata ya yi maganar. Ba wanda ya cike shi.

Hawayen Kogi wasan kwaikwayo ne da tashar talabijin ta garin nan ta yi a shekarun wahala, kafin a kawo ni. Sun sha ba ni labari: jarumar ta mutu sau biyu don mai rubutun ya manta ya kashe ta, makirufo yana leƙowa daga sama, kogin kuma magudanar gonar wani ce. Masu shirin sun yi hayar bas ɗin Zahari, suka rasa direba, suka saka shi a kashi ɗaya har da magana. Ban taɓa gani ba. Duk sa'ad da na tambaye shi sai ya ce shirme ne, kuma tashar ba ta sake nuna shi ba.

Dobri ya goge baki ya ce, "Kun ji za a rufe tashar ƙarshen wata? Duk tarkacensu suke zubowa kafin su kashe wuta. Alhamis da yamma ma kashin bas ɗin ne."

Na ji ƙarar takalmin Strahil a ƙafar Dobri ƙarƙashin tebur. Yaya Gergina ta ajiye farantin da ke hannunta ta ce, "Dobri, ka ci ka ƙoshi, ƙofa a buɗe take." Suka ɗauki hulunansu suka fita, Strahil yana jan hannun rigarsa. Na ɗauka maganar talabijin a gidan makoki ce ta ɓata mata rai.

Da muka rage mu biyu na ce, "Yaya, zan kalla."

"Ba a gidan nan ba."

"Sau ɗaya za su nuna. In aka rufe tashar shi ke nan."

"To shi ke nan ɗin. Ƙanena yana yawo a ɗakunan nan bai huta ba, ke kuma ki kunna masa kiɗa da tallar sabulu? Amarya, a garinku haka ake yi?"

"A garinmu ba a hana mace jin muryar mijinta."

Ta juya ta hau wanke kwanukan da na riga na wanke. Washegari na nemi rimot sama da ƙasa ban gani ba. Na tsane ta a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Na riƙa cewa a raina, matar da ba ta taɓa aure ba me ta sani, al'ada ce kawai mijinta. Na yi tunanin zuwa shagon Dobri, amma mace cikin baƙaƙen kaya ta zauna tsakanin maza ana aski tana kallon wasa, kafin magariba gari ya ɗauka har wurin limamin coci.

Ranar Alhamis ta zauna a tsakar gida tana zura tattasai a zare don shanya, ta juya wa taga baya. Na sauke kyandir ɗin, na ce, "Zahari, ka yafe mini," na ɗage zanen. Talabijin ɗinmu tsoho ne, yana da maɓallai a gefe, abin da Yaya ta manta ke nan. Na rage sauti, na durƙusa a gabansa har numfashina yana taɓa gilashin.

Ba su yi ƙarya ba, shirin ya kai inda ake faɗa. Jarumar tana kuka ba hawaye, inuwar mai ɗaukar hoto ta faɗo a bango, wani kare ya ratsa tsakiyar jana'iza aka bar shi. Ina ta ƙuna a raina, ku yi sauri mana. Can sai ga bas, shuɗi mai tsagaggen gilashi, ƙofa ta buɗe, ga Zahari. Gashi baƙi wuluk, wuya siriri, rigar ta yi masa yawa. Ban san shi a waɗannan shekarun ba, amma hannun da ke kan sitiyari nasa ne. Ya juyo ya buɗe baki.

"Shigo, baiwar Allah, hanya ta yi nisa," in ji wata murya.

Murya ce mai santsi, mai kauri, irin ta masu karanta labarai a babban birni. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na matsa kunnena jikin talabijin, na ƙara sauti har ya cika ɗakin, ko ta Zahari tana ɓoye a ƙarƙashi. Babu komai sai ƙugin inji da kiɗan goge. Ƙofa ta rufe, bas ya tashi.

Ban ji shigowarta ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, zaren tattasai a hannunta, allura tana lilo.

Na ce, "Ba shi ba ne, Yaya. Ba muryarsa ba ce."

Ta ce, "Na sani."

Ta zo ta zauna a gefen doguwar kujera, gwiwoyinta suna ƙara. Ba ta dube ni ba, talabijin ɗin take kallo.

"Ranar da aka fara nuna shi, Baba ya yanka ɗan rago, ya kira unguwa duka. Strahil da Dobri suna nan a ƙasa kan darduma. Sati guda yaron nan yana maimaita maganar a rumbun masara, ni nake riƙe masa takardar. Ba wanda ya gaya masa sun sa wani ya faɗa. Da muryar ta fito sai ɗaki ya yi tsit, sannan wata maƙwabciya ta ce, 'Ai sun gyara shi.' Ya tashi ya fita. Kwana ya yi a cikin bas."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ce gara ki zauna da sanin muryarsa tana wani wuri, ko da ba ki ji ta ba. Ki tsane ni, ai na saba." Ta ja hanci. "Al'adar ma gaskiya ce, kada ki ɗauka wasa nake."

Na miƙa hannu zan kashe. Ba abin da ya rage mini a ciki, kuma na ji kunyar mamacin da na tono masa abin da ya shekara talatin yana rufewa. Ta riƙe mini wuyan hannu, yatsunta suna yaji.

Ta ce, "Tsaya. Akwai wani wurin a ƙarshe, inda yake sauke jarumar. Kashe sautin kawai."

Na danna maɓallin har ɗakin ya yi shiru. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, tsofaffi biyu cikin baƙi, muna kallon mutane suna wage baki suna marin juna a bakin magudana. Ta zaro rimot daga aljihun rigarta ta ajiye a tebur. Daga waje ana jin kaji da motar mai kankana.

Bas ya dawo, ya tsaya, jarumar ta sauka. Aka matso da fuskarsa har ta cika gilashin. Ya ɗaga haɓa. Ya runtse ido. Leɓɓansa suka haɗu suka maƙale, suka rabu, suka sake maƙalewa, jijiyar wuyansa ta tashi daidai inda na san tana tashi. Yaya ta matse hannuna har ya yi zafi.

Na tabbata mai muryar aron ya daɗe da gama maganarsa, don jarumar har ta juya za ta tafi. Shi kuwa bakinsa yana ta fama. Na jira shi har ya gama.