Minti Ɗaya a Ruwan Ɗumi

Aikina narkar da 'ya'yan mutane ne. In na faɗi haka sai a kwashe da dariya, mijina ma cewa yake mai sayar da ƙanƙara ya aura. A asibitin haihuwa nake, ɗakin gwaji. In an haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta ya kwana biyar, sai mu daskarar da shi a kan ɗan tsinken roba, mu ajiye cikin tankin naitirojin, ruwa mai tsananin sanyi. Ranar da za a dasa mata, ni ke fito da shi.

Fitowar ce abin tsoro. Daga tanki sai cikin ɗigon ruwan ɗumi na magani a ɗan faranti kafin ƙiftawar ido, minti ɗaya cur, sannan in tsince shi da siririn bututu in kai faranti na gaba. Ruwan farkon nan ƙarfi gare shi, in ƙwan ya daɗe a ciki sai ya ji jiki. Shi ya sa akwai jar fitila a bakin ƙofarmu. In tana kunne, ko waye kai sai ka jira. Ba a kuma shigo mana da turare.

Ƙwan ran nan na wata malamar makaranta ne. Shekara goma sha ɗaya tana neman haihuwa, an dasa mata sau uku bai kama ba. Wannan shi kaɗai ya rage mata a tanki, kuma likita ya riga ya gaya mata jikinta ba zai ƙara ba da ƙwai ba. Tana ɗakin jira tare da mijinta, ta sha ruwa ta cika mara kamar yadda aka ce ta yi.

Na kunna fitila, na tsoma tsinken, na danna agogo. Daƙiƙa ashirin sai na ji ƙofa. Shugaban asibiti ne ya buɗe da katinsa, da baƙi uku da mai ɗaukar hoto, ƙamshinsu ya riga su shigowa.

"Yallaɓai, fitila a kunne take!" na ce, idona a kan madubin ƙara girma.

"Ci gaba da aikinki, ba abin da za mu taɓa," in ji shi. Ya juya ga baƙinsa. "Kun ga, nan ne zuciyar asibitin."

Mai hoto kuwa wuri yake nema mai kyau, sai ya dafa teburina da gwiwar hannu. Tebur ya motsa, ruwan ya kaɗa, ƙwan da bai kai ƙwayar gishiri ba ya ɓace mini. Agogo ya hau ƙara. Ina nema, shugaban nan bai fasa bayaninsa ba.

"Ku fita! Na ce ku fitar mini daga ɗaki!"

Sai a lokacin suka san suna da ƙafafu. Na gano shi a gefen ɗigon bayan minti biyu da 'yan kai. Na ƙarasa sauran farantan, na sa shi a akwatin ɗumi. Mai rai cikin awa biyu yake kumburowa ya yi haske. Wannan ya yi duhu, ya ƙanƙance.

Shugaba ya kira ni ofis. Na ɗauka zancen ƙwan zai yi. Ina! Wai na ci masa fuska a gaban baƙi.

"Yallaɓai, ya mutu fa."

Ya ce, "Kin fi ni sani, biyar cikin ɗari ba sa farfaɗowa ko ba a taɓa ƙofa ba. Je ki gaya mata haka."

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya ya yi ba. Na fito ban yi masa sallama ba.

Malamar na ganina ta miƙe, hannunta a mara. "'Yar'uwa, an shirya? Wallahi na matsu."

Na zaunar da ita na gaya mata duka, har fitilar da gwiwar hannun, na san kuma a bakin aikina nake yi. Mijin ya tashi zai nufi ofis, ta riƙe masa riga.

"Tsaya tukuna," ta ce masa. Ta dube ni. "Tsakaninki da Allah, da ba su shigo ba, da ya rayu?"

Na so in ce i. Na so ƙwarai, don in ba ta wanda za ta tsana, ni ma in samu.

"Ban sani ba, Malama. Ba kuma wanda zai taɓa sani."

Ta daɗe tana kallona, ko hawaye babu. Sannan ta saki rigar mijin.

"To ni yanzu da wa zan yi fushi?" ta ce. Sai ta tambaye ni inda banɗaki yake, na nuna mata.