Lissafin Gwaggo Lupe

Malama Sela ta koya wa 'yan ajinta a garin Neiafu su warware x²−4 zuwa (x−2)(x+2). Tunda x+2 na cikinsa, x²−4 ne mafi ƙanƙantar abin da su biyun, wato x²−4 da x+2, ke rabawa ba saura.

Ranar duba jarrabawa, shugabar sashen lissafi, gwaggonta Lupe, ta ce amsar wannan tambayar ita ce a ninka x²−4 da x+2 kawai.

"Gwaggo, ai in aka warware…"

"A can Okland inda kika yi karatu aka koya miki gyara wa yayar ubanki magana? Ni na raɗa miki suna, yarinya!"

Sela ta sunkuyar da kai, ta ɗauki jan biro. Duk ɗalibin da ya saurare ta ya faɗi. Masu barcin bayan aji, da suka ninka su kawai, suka ci, gwaggo ta yaba da hazaƙarsu.