Kazar da ke Hannu

"Ba za ka taɓa shi ba, Dogo. Mai lafiya ba a yi masa tiyata."

"Wa ya ce miki lafiyarsa ƙalau, Yaya?"

Ta juya masa baya, ta ci gaba da danna kwamfuta. Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a saman shagon magungunan dabbobi, warin dusa har cikin labule. Su biyu suka haɗa samfurin, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da suka koya wa duba hoton kaza ta faɗi ko tana da ciwo. Masu kiwo na turo hoto ta waya, amsa ta koma musu. Sigar farko ce ke aiki a dandalin da suke ajiye samfuran. Sabuwar da Dogo ya horar tana gefe, a matakin gwaji, kuma yayarsa kaɗai ke da ikon ɗora ta.

"Kajin Kawu na mutuwa," ya ce. "Kullum sai ya turo hoto, kullum amsa ɗaya: lafiya lau."

"Kawu da ke ɗaukar hoto kamar ana korar sa? Rabin hoton ma takalminsa ne."

Dogo bai yi dariya ba. Ya riga ya sake duba tsoffin hotunan da suka koyar da samfurin da su, ɗaya bayan ɗaya. Duk kaza mara lafiya tana hannun likitan dabbobi, don haka likita ke yi, sai ya ɗaga ta ya duba ido da baki. Masu lafiya kuwa a ƙasa aka ɗauke su, suna tsattsaga. Samfurin bai koyi ciwo ba. Hannu ya koya. Shi ya sa Dogo ya bi gonaki ya durƙusa cikin kashin kaji, ya ɗauko hotunan marasa lafiya a inda suke kwance, masu lafiya kuma a hannu.

"Lambobin gwajin farko sun yi kyau," in ji ta. "In sabuwar ta kwafsa, sunana ne a bakin mutane."

"Tsohuwar ba za ta goge ba. In na yi kuskure ki mayar da ita, ki kore ni."

"Ka san Inna ba za ta bari ba."

Ya miƙe, ya cire hularsa ya dunƙule ta a tafin hannu, ya miƙa mata wayarsa.

"Ɗauki hotonta."

"Ka fara taɓuwa ne?"

"Ɗauka dai, ki tura wa tsohuwar sigar."

Ta ja tsaki, ta ɗauka, ta tura. Amsa ta fito: kaza mara lafiya, a keɓe ta.

Ta daɗe tana kallon hular. Sai ta jawo kujera, ta buɗe dandalin, ta sa sabuwar siga ta duba hoton da Kawu ya turo da safe, farar kaza a ƙasa, fikafikai a sake, takalminsa a gefe. Ciwo, in ji sabuwar.

Ba ta ce ya yi gaskiya ba. Ta sauke tsohuwar zuwa ma'ajiya, ta ɗora sabuwar, ta rubuta dalili a taƙaice: hannu. Dogo ya riga ya kira Kawu, yana cewa ya ware farar da duk masu irin tsayuwarta, yanzu, kafin ya zuba abinci.

Da ya ajiye wayar sai ya ga ta buɗe tsoffin amsoshin da suka tura wa mutane, tana gangarawa, lafiya lau, lafiya lau, ba iyaka.

"Dogo," ta ce, ba ta ɗago ba. "Su waɗannan fa, wa zai gaya musu?"