Loma Ɗaya

Shan inna ta cinye mini ƙafar hagu ina shekara huɗu. Na ɗauka ta ƙoshi. Ashe maras kunyar tana laɓe, sai da na haura hamsin ta dawo ta kama ni a maƙogwaro.

Muryata kan dishe kafin azahar. Haɗiya kuwa ta zama aiki. Likita ya kafa mini doka: ƙaramin cokali, in sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, kuma kada in kuskura in yi magana da abinci a baki.

A ɗakin ɗinkin da nake aiki, hutun cin abinci minti ashirin ne. Ni kuwa sai na yi arba'in. Sabon manajanmu, wanda na haifi kamarsa, ya sa mini ido.

Ran nan ya tsaya a kaina ina cikin tauna shinkafa.

"Baba, kin gama rigunan makarantar nan?"

Na kasa ɗagowa, loma na hanya.

"Da ke nake! Ina magana kina sunkuyar da kai? In aikin ya ishe ki, ga ƙofa."

Tsoron rasa keken ɗinkina ya sa na buɗe baki in ce na gama. Shinkafar ta bi ta inda numfashi ke bi. Na ƙware, idanuna suka firfito, na zube tsakanin kekuna. Mai guga ce ta rungumo ni ta baya tana matsa cikina har ƙwayoyin suka fito. Kwana tara na yi a asibiti da ciwon huhu.

Ba ciwon ne ya fi ƙona mini rai ba. Haushin kaina nake ji. Na kusa mutuwa don kada yaro ya ce na raina shi!

Ranar da na koma, aka buga ƙararrawar komawa aiki, kwanona ko rabi bai yi ba. Sai ga manajan.

"Baba, yau ma..."

Na ɗaga masa yatsa ɗaya. Na tauna a natse, na sunkuya, na haɗiye. Duk ɗakin ba keken da ya motsa. Mai guga ta mayar da murfin kwanonta gefe ta sake zama, sauran ma suka zauna.

Da 'yar muryar da ta rage mini na ce, "Ɗana, in kora ce, ka kore ni. Amma sai na haɗiye."

Na sake cika cokali. Yana tsaye yana jira.