Tauraron da Aka Yi wa Guga

Tun daga bakin ƙofar ɗakin taro Dakta, mai binciken taurari, ta hango hoton a jikin allo, sai ta tsaya cak. Layin da ke nuna hawa da saukar hasken tauraronta ne, amma an miƙe shi sambal.

Ita kuwa ta san tauraron nan kamar yunwar cikinta. Ga zafi, ga juyi kamar zai tarwatse, har yana watso iskar gas daga ƙugunsa. Shi ya sa haskensa ba ya zama wuri ɗaya, yanzu ya ƙaru, an jima ya dushe. Wannan rawar ita ce aikinta gaba ɗaya, ita za ta nuna wa baƙin da ke raba lokacin amfani da babban madubin hangen taurari. In suka hana ta, bincike ya mutu.

Shugaban sashe ne ya yi aika-aikar. Mutum ne da ko takarda ya gani a karkace sai ya gyara mata zama, har ɗalibai na kiransa Mai Guga a bayan idonsa. Ya matso yana tashin warin man gashi, ya raɗa mata cewa jiya ya tarar da layin duk tsalle-tsalle kamar tonon kaji, abin kunya a gaban baƙi, shi ne ya sa kwamfuta ta daidaita shi. Kuma wai godiya yake jira! Takaici ya hana ta ko kallonsa.

Da aka zauna ta buɗe baki za ta ce ba ainihin hoton ba ne, ya tari numfashinta. Ta sake gwadawa, ya yi dariya ya ce wa baƙi ƙanwar tasa zumuɗi ke damunta. Haka ya cinye lokacin da surutu, yana shafa layin nan da sanda.

Babbar baƙuwar, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba agogo ta ce tauraron lafiyarsa ƙalau, a kwance yake, ba ta ga abin sa wa ido ba. Aka ba wasu lokacin.

Bayan an watse ya same ta a baranda, bakinsa cike da ragowar biskit ɗin baƙi, ɓurɓushi na zuba a gaban rigarsa.

"Kin gani ko, Dakta? Dama ni jikina ya ba ni. Baɗi ki daure ki nemo mana tauraro mai ɗan motsi."