Kalandar Masu Doya

A shekarar 2008, ƙungiyar masu sayar da doya ta garin Obi ta kawo wa Erdoo aikin kalanda a shagonta na hoto a Lafiya. Mutum tamanin ne, kuma a kwamfuta hoton kowa yana kan nasa leya, wato nasa falle daban, wanda sai an ja shi da hannu a ajiye a gurbinsa. Kwana biyu tana ja har wuyanta ya ƙage. Da ta gaji, ta rubuta sikirif, ɗan umarnin da ya jera su duka bisa haruffan sunayensu cikin minti ɗaya.

Shugaban ƙungiyar, Baba Terfa, ya zo dubawa, ya tarar da fuskarsa can ƙasa.

"'Yata, Aper da ya shigo bara ne a samana?"

"Baba, harafi kwamfuta ta bi."

"Harafi ne ya kafa ƙungiyar? A jera mu bisa girma!"

"To, wa ke bin wa?"

Ya ce sai an yi taro. Sau huɗu suna aiko sabon jeri, tana gyara sikirif tana tsaki. Kalandar ba ta fito ba sai watan Maris.